Karyar Mafarauci da Cutar da ke Jiran Suna

Nazarin Hausa ya daɗe yana kallon kare ta fuskar adabi: matsayinsa a karin magana da tatsuniya, kirarin mafarauta, da sunayen habaici da ake laƙaba masa. Abin da aka yi wa riƙon sakainar kashi shi ne ilimin masu kiwonsa game da lafiyarsa da hayayyafarsa. A ganina wannan giɓi ya shafe mu kai tsaye, domin akwai cutar da ke yanke zuriyar karnuka, tana kuma kama mutum, amma ba ta da tsayayyen sunan da mafarauci zai riƙe.

Ƙwayar cutar bakteriya ce da masana kimiyya suke kira Burusela kanis. Leland Carmichael na Jami'ar Konel da ke Amurka ne ya gano ta a shekarar 1966, bayan yawaitar ɓari a wuraren kiwon karnuka. Cikin karya yakan kai kimanin kwana 63, cutar kuwa takan sa ta yi ɓari tsakanin kwana 45 zuwa 55, ko ta haifi kwiyakwiyi raunana su mutu. Namiji kuma marainansa sukan kumbura, daga baya su tsotse, maniyyinsa ya lalace. Tana yaɗuwa ta hanyar barbara, da lasar ɗan tayi ko mabiyiya, da fitsari. Babu allurar rigakafinta, magani kuma ba ya tabbatar da rabuwa da ita. Mafi muni, kare kan ɗauke ta alhali yana gudu yana kamu kamar lafiyayye.

Mu ɗauki ƙasar Gwandu da Kalgo a Jihar Kebbi, inda garuruwa irin su Masama suke haɗa noma da kiwo, farautar rani kuma take da gindin zama. A irin wannan muhalli karen da ya yi suna a dawa shi kowa yake nema ya barbari karyarsa. Wannan zumunci na mafarauta abin yabo ne, amma kare guda mai cutar ya isa ya mayar da karyoyi da dama juya. Bugu da ƙari, karen da ya ci ɗan tayin saniya yana iya kwasar 'yar'uwar wannan cuta, wato wadda makiyaya suke kira bakkale. Yaron da aka aika ya kwashe ɓarin da hannu kuwa yana iya kamuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, a yi ta ba shi maganin cizon sauro a banza.

Wani zai ce wannan aikin likitocin dabbobi ne, ba na manazarta harshe ba. Amsata ita ce, cutar da ba ta da suna takan ari sunan wani abu. Idan karya ta yi ɓari sau biyu, sai a danganta shi da kambun baka ko sammu, a nemi tsari, a sake kai ta wurin karen da ya shafa mata. Makiyayi ya fi mafarauci sa'a a nan, domin kalmar bakkale ta ba shi abin da zai faɗa wa likita, da abin da zai gargaɗi maƙwabcinsa da shi.

Saboda haka ina ba da shawara biyu. Ta farko, a tattara kalmomin mafarauta kan barbara da ciki da ɓari daga bakin sarakunan dawa, a gwada su da abin da ƙamusun Bargery na 1934 ya adana. Ta biyu, Sashen Harsunan Nijeriya da Tsangayar Likitancin Dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, su zauna tare su tsayar da suna. Ni dai na zaɓi "bakkalen kare", domin ya ɗora sabon sani a kan tsohon da jama'a suka riga suka yarda da shi.

Da suna a baki, saƙon zai yi sauƙin isarwa a rediyo da dandalin mafarauta: a gwada jinin kare kafin barbara, a ware karyar da ta yi ɓari, a binne ɗan tayin da zurfi, kada kuma a taɓa shi da hannu tsirara. Ƙirƙirar kalma aikinmu ne, kuma a nan amfaninta ya kai ga lafiyar yaran gidan mafarauci.