Wa ya ƙirga matan Keita cikin ma'aikata?

Duk ranar 1 ga Mayu, idan sandikoki suka fito jerin gwano a Yamai da Tawa, labari guda ake maimaitawa. Ana tuna dokar 11 ga Afrilu 1946 da ta soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ta mallaka. Ana tuna dokar ƙwadago ta 1952, wadda ba ta samu ba sai da aka yi yajin aiki a faɗin Afirka ta Yamma. Ana tuna yadda USTN ta haɗa kai da ɗalibai bayan kisan gadar Kennedy na 9 ga Fabrairu 1990, har aka kai ga taron ƙasa na 1991. Duka gaskiya ne. Sai dai tarihi ne na masu albashi: malamin lakkol, ma'aikacin gidan waya, mai haƙar ma'adini a Arlit. Wanda ba ya da takardar albashi ba ya cikinsa.

A ƙasar Adar kuwa, aiki mafi girma da aka yi a ƙarshen ƙarnin da ya wuce ba masu albashi suka yi shi ba. A 1984, cikin tsananin fari, aka buɗe shirin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya da taimakon FAO, daga baya ya miƙa zuwa Buza. An farfaɗo da dubban hekta na fako, an gina madatsun ruwa, an dasa itatuwa kimanin miliyan 18. Su wa suka ɗauki dutsen? Galibi mata ne, domin mazan sun tafi biɗa Najeriya da Abijan. Da ka suka yi dakonsa, da hannu suka jera shi a gangaren tsauni, wasu da goyo a baya, ladan kuwa abinci ne daga Hukumar Abinci ta Duniya.

Babu mai musun cewa abincin nan ya ceci rayuka, ko cewa ƙasa ta yi kore. Abin da ake musu shi ne sunan da aka ba aikin. A rahotanni an kira shi sa hannun jama'a. Masu son kare wannan suna sukan ce ai gayya ce. Ba gayya ba ce. A gayya maƙwabci ke kiran maƙwabci, gobe ya rama masa. Inda akwai mai rubuta sunaye, da yini da ake ƙirgawa, da rabo gwargwadon yinin, to ƙwadago ne, ko da da mudu aka biya. Mai ƙwadago kuma yana da tambayoyin da suka halatta gare shi: wa ya yanke ladan, wa zai ɗauki nauyin wadda dutse ya karya, me za ta ci ran da baya ya ƙi miƙewa? Sandika don irin waɗannan tambayoyi aka ƙirƙiro ta.

Abin takaici, gwagwarmayar ba da wannan ƙunci ta fara ba. Djibo Bakary malamin makaranta ne, amma cikin shekarun 1950 ƙarfinsa daga direbobi da leburori da ƴan dako ya fito, kafin a haramta Sawaba a 1959. Daga baya ne sandika ta koma cikin ofis. Ko matan Yamai masu ilimin boko sai da suka yi maci ranar 13 ga Mayu 1991 kafin a ƙara musu kujeru a kwamitin shirya taron ƙasa, balle matar ƙauye mai gammo.

Malamai su ne ƙashin bayan sandikokin Nijar, kuma sun san ɗacin a yi aiki a hana shi sunansa, tun da aka fara ɗaukar wasunsu a kan kwantaragi. Malamin da ke koyarwa a Keita ko Buza ko Madawa, jikokin matan nan ne a gabansa, da ƴaƴan masu ƙwadagon albasa da ake sallama da yamma ba takarda. Da yawa daga matan suna raye, sun tsufa. Reshen sandika na gari zai iya zama da su, ya rubuta sunayensu da shekarun da suka yi a kan tsauni, ya karanta su a bainar jama'a ranar 1 ga Mayu, kafin a miƙa wa mahukunta takardar koke.