Kafin mu ƙwace salular, mu koya musu auna haske

Makon jiya wani ɗalibina ɗan ajin CM2 ya nuna mini hoton da ya ɗauko a lambunan Jiratawa da salular yayansa. Sama ta yi fari fat kamar alli, inuwar gawo ta yi baƙi ƙirin. Ya ce wayar ce ba ta da kyau. Na tambaye shi lokacin da ya ɗauka, ya ce rana tsaka.

To laifin ba na waya ba ne. Kyamara kamar ɗaki ce mai taga guda. Abu uku ke yanke yawan hasken da hoto zai samu: faɗin tagar, daɗewarta a buɗe, da ISO, wato yadda na'urar ke ƙara wa hasken ƙarfi. A yawancin salula faɗin tagar ba ya canzawa, amma sauran biyun suna nan a sashen da aka rubuta Pro. A ranarmu ta Maraɗi, a bar ISO a 100. Idan sama ta ƙone, a taɓa ta a fuskar wayar, a rage hasken. Lokacin hazo kuwa kyamara kan ruɗe, ta ga fari ya yi yawa ta dusashe hoton, sai a ƙara masa kaɗan. Mafi sauƙi dai, a fita da hantsi bai ɗaga ba, ko bayan la'asar sakaliya.

Abin da ya fi jan hankalina a matsayin malami shi ne lissafin. Shekara nawa muna fama da yaran da ke rantsuwa 1/250 ya fi 1/125 girma, tunda 250 ya fi yawa? Na sa yaron nan ya ɗauki bangon aji sau biyu, ɗaya a 1/125 na daƙiƙa, ɗaya a 1/250. Na biyun ya fi duhu, domin rabin haske ya samu. Ban ƙara masa bayani ba.

Iyaye za su ce waya na lalata yara, kuma ba ƙarya suka yi ba; ni ma na sha ƙwacewa a aji. Sai dai wayar tana hannunsu ko mun so ko mun ƙi, hotunan fuskokinsu kawai suke tarawa.

A 1945 ambaliyar Gulbin Maraɗi ta ci tsohon gari, aka komo kan tudu. Yaranmu labari kawai suke ji. Yanzu ma fadamar da ke tsakanin Maraɗi da Tibiri tana sauya kama, gulbi na cin gaɓa, gine-gine na cin gona. Kowane aji ya zaɓi wuri guda, a riƙa ɗaukarsa da damina da rani, daga mazauni ɗaya, a rubuta kwanan wata da lambobin hasken a littafi. Mu namu ajin mun zaɓi bakin gulbi, ran Asabar da ƙarfe bakwai na safe.