Bayan cire ƴan wuya, sati biyu ba su raguwa

 

Yau maganarmu ta ƴan wuya ce, ƙululai biyun nan da ke gefe da gefe cikin maƙoshi, waɗanda likitoci ke ce ma amidal. Da yawanmu mun ɗauka ciwon yara ne, alhali akwai mace da ɗiyanta da ke fama da su shekara da shekaru: maƙoshi ya kumbura, ga zazzaɓi, ko miyau ba ya haɗiyuwa, ta sha magani ta ji sauƙi, bayan wata biyu abin ya dawo. In ya yi yawa, likitan kunne da hanci da maƙoshi, wanda ake rubuta ORL a ƙofarsa, shi ke cewa a cire. A babban asibiti ake yi, a sa mutum barci gaba ɗaya, kuma bai cika wuce awa guda ba. Kar a haɗa shi da belun da wanzami ke yanke ma jariri. Wurin nan jijiyoyin jini ne, aska ba ta da aiki a ciki.

Wahalar tana gida. Mace za ta dawo da ƙafarta, babu bandeji, babu ɗinkin da za a nuna ma mai gaisuwa, sai kowa ya ce ai ta warke. To, gyambo biyu ne buɗe cikin maƙoshinta, kuma babba ya fi yaro jin jiki. Ciwon ba ya tafiya yana raguwa kullum. Sau da yawa tsakanin kwana 3 da kwana 7 ya fi tsanani, har ya harba kunnuwa, alhali kunnen lafiya lau yake. In kika haska da tocila za ki ga fari ko ɗorawa ya lulluɓe wurin, baki kuma na wari. Ba mugunya ba ce, ɓawon ciwo ne. A bar shi. Kar a kankare, kar a goga masa toka ko kanwa.

Abin da muke so ya zauna ma kowa a kai shi ne jini. Ɓawon nan yana fara saɓulewa wajen kwana 5 zuwa kwana 10, daidai lokacin da maƙwabta suka daina leƙowa, ita kuma ta fara tunanin kaskon ƙosai da zubin sati. A nan ne jini kan ɓalle, wani lokaci tsakar dare. In ta tofa jan jini, ko ta yi amai da jini, ta zauna ta duƙa gaba, tana tofarwa kar ta haɗiye, a nemi abin hawa a nufi asibiti. Ko ya tsaya da kansa a je, don ƙaramin jini kan zo gaban babba. Ba a jiran asuba, ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwar ƙauye. Shi ya sa wadda garinsu ke nesa, gara ta yi kwanakin nan a gidan ƴan uwa cikin Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, kusa da inda aka yi aikin.

Magani, wanda ke cikin takardar likita kaɗai. A sha a kan lokaci, ba sai ciwo ya tashi ba, kuma in an sha rabin awa kafin abinci haɗiya ta fi sauƙi. Parasitamol ga babba ba ya wuce giram 4 a yini da dare. Aspirin kuwa haramiyarta ce, yana hana jini daskarewa. Mun san halinmu: mai tallar magani na wucewa, a ce ya ba da na ciwon jiki. Wasu ƙwayoyin nan da aspirin a ciki, kuma shi kansa mai sayarwa bai sani ba.

Ruwa ya fi komai, kurɓi kaɗan kaɗan yini duka, ko da zafi. Maƙoshin da ya bushe ya fi ciwo, in ya yi ciwo ta ƙi sha, ya ƙara bushewa. Fitsari in ya yi ja ya ragu, ruwa bai isa ba. Ta ci abinci, kar ta zauna da yunwa: koko ko kunu da ya huce, fura da nono marar tsami ba yaji, dafaffen ƙwai, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa ba tanka. Kilishi, ƙuli-ƙuli, ƙanzo, lemun tsami da kunun tsamiya su dakata. Zazzaɓin da ya haura 38, ko ta kasa haɗiyar ruwa sam, a koma ma likita. Mai niyyar aikin kuma ta duba wata, ta yi shawara da likita kar kwanakin jinya su faɗa cikin azumi.

Saura namu. Kyautar magani da ake yi ma yara ƴan ƙasa da shekara 5 ba ta kai ga uwarsu ba a wannan aiki, ita za ta biya, sannan ta yi sati biyu babu daka, babu ɗaukar bido, babu zama cikin hayaƙin murhu, ke nan babu ciniki. Abin da ke tashe ta tun kwana na shida bai wuce kunyar a kira sunanta ranar taro hannu wofi ba. A ganinmu, kafin ta shiga asibiti ƙungiya ta yanke a bainar kowa: an ɗage mata zubi biyu, ba tara, in da bashi a kanta an jinkirta. Wata za ta ce in an buɗe wannan ƙofa kowa ta shige. Takardar asibiti ta raba gardama.

A asusun taimako kuma a ware kuɗin mota, a ba ƙawar da ta fi kusa da gidanta ta riƙe, tare da lambar mai adaidaita ko kabu-kabu da ke ɗaukar waya da dare. Akwatin da makullansa ke hannun mata uku a unguwa uku ba ya buɗuwa ƙarfe biyun dare. Sannan a raba kwanaki, wance ruwa, wance tuwon yara. Masu zuwa gaisuwa su taƙaita, mai mura ta aiko da gaisuwarta, kuma kar a sa ta amsa "ya jiki" sau talatin, ɗaga kai ya isa.

Sai wata fitowa, a gaida mutan gida.