LABARUN MAZAJEN DUNIYA: JANAR MARSHALL NA AMURKA

Makon nan labarin wani sojan Amurka za mu ba ku, Janar George Marshall, wanda ya yi suna wajen shirin yaƙi, sa'an nan sunansa ya ƙara fita wajen gyara abin da yaƙin ya ɓata.

An haife shi a garin Uniontown, a jihar Pennsylvania, ran 31 ga Disamba, 1880. Ya gama makarantar soja ta Virginia a 1901. Ya yi aiki a tsibiran Filifin, ya je Faransa a Yaƙin Duniya na Farko, daga bisani ya zama na hannun daman Janar Pershing. Amma ƙarin girma bai zo masa da wuri ba. Sai a 1936, yana da shekara 55, ya sami muƙamin janar. Mahakurci mawadaci.

Ran 1 ga Satumba, 1939, watau ranar da Jamus ta faɗa wa Polan, aka naɗa shi shugaban sojan ƙasa na Amurka. Ya iske ba su kai 200,000 ba. Kafin 1945 sun wuce miliyan 8. Da aka zo zaɓen wanda zai ja rundunar da za ta ƙetara Faransa, ransa na so ƙwarai, amma ya ƙi roƙo. Shugaba Roosevelt ya ba Eisenhower, ya ce barci ba zai ɗauke shi ba in Marshall ba ya ƙasar. Marshall ya koma bakin aikinsa, ko gunaguni.

Bayan yaƙi Shugaba Truman ya aike shi Sin, ya sasanta Chiang Kai-shek da 'yan kwaminis. Ya shekara yana fama, abin bai yiwu ba. A Janairu 1947 aka ba shi wazircin harkokin waje. Lokacin nan Turai ta zama kango, ga yunwa, ga sanyi, ma'aikatu sun tsaya. Ran 5 ga Yuni, 1947, a Jami'ar Harvard, ya ce ƙasashen Turai su taru su faɗi bukatarsu, Amurka ta taimaka. Daga 1948 zuwa 1952 aka kashe wajen dala miliyan dubu 13, har Jamus ta Yamma da Italiya, abokan gaban jiya, suka samu. Ba tausayi kaɗai ba ne: Amurka na tsoron kwaminisanci, tana kuma son kasuwa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Duk da haka bai tsira daga bakin mutane ba. A 1951 Sanata McCarthy ya zarge shi da cin amanar ƙasa. Marshall bai tanka ba. A 1953 aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya. Ya rasu ran 16 ga Oktoba, 1959.

To, malamai da akawuna, ku da kuke ƙuna in an ɗaga wani an bar ku, ku duba. Da Marshall ya yi fushi ya aje aiki tun yana kanar, wa zai san shi yau? Allah ya sa mu riƙe amanar da aka ba mu, amin.

Sai mako mai zuwa.