Ra'ayinmu: Darasin Kwaɗon Kihansi ga Masu Gina Madatsun Ruwa

A kudancin Tanzaniya, cikin duwatsun Uzungwa, kogin Kihansi yana gangarowa daga kan dutse ya faɗa wani kwazazzabo mai zurfi. Ƙarfin zubar ruwan yakan tayar da feshi dare da rana, ya jiƙe ciyayin da ke gindin dutsen. A wannan ɗan fili, da bai wuce hekta 2 ba, wani ƙaramin kwaɗo ruwan ɗorawa ya rayu, kuma ba a taɓa samun irinsa a ko'ina a duniya ba sai nan. Tsawonsa bai wuce santimita 3 ba. Macen ba ta zuba ƙwai a ruwa kamar sauran kwaɗi. Haihuwar 'ya'yanta take yi, su fito da ƙafafunsu.

Masana sun gano shi a 1996, lokacin da aikin gina madatsar ruwa a saman kwazazzabon ya riga ya kankama da rancen Bankin Duniya. Da tashar ta fara aiki a 2000, aka karkatar da kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan zuwa injinan lantarki. Feshi ya ɗauke, ciyayi suka soma bushewa. An shimfiɗa bututun yayyafa ruwa don a kwaikwayi feshin, aka kuma kwashi kwaɗi kusan 500 zuwa gidajen namun daji a Amurka, inda na Bronx da na Toledo suka yi nasarar kiwonsu. A 2003 waɗanda suka rage a daji suka mutu kusan ƙurmus, aka kuma sami cutar naman gwari ta kitirid a jikinsu, wadda ke cin fatar kwaɗi a nahiyoyi da dama. A 2009 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta ayyana cewa kwaɗon ya ƙare a daji.

Masu goyon bayan madatsar suna da hujja mai nauyi, kuma bai kamata a raina ta ba. Tashar tana iya samar da megawat 180, a ƙasar da a lokacin mafi yawan gidaje ba su da wuta. Asibiti na buƙatar firji don ajiye allurar rigakafi, mai walda da mai niƙa na buƙatar wuta don su ci abinci. Wanda ya ce a hana miliyoyin mutane lantarki saboda kwaɗon da bai kai ɗan yatsa ba, sai ya yi wa talakan Tanzaniya bayani. Ga shi kuma wutar ruwa ta fi ta dizal da gawayi tsabta, kuma gidan da ya sami wuta yana iya rage saran itace.

Masu kare muhalli su ma ba shirme suke yi ba. Binciken da aka fitar a 2023 kan kwaɗi da danginsu a duniya ya nuna kusan kashi 41 cikin 100 na nau'o'insu suna fuskantar ƙarewa, fiye da tsuntsaye ko dabbobi masu shayarwa, kuma lalacewar mazauni ce babbar musabbabi. Kwaɗo yana sha da numfashi ta fatarsa, don haka shi ke fara jin jiki idan ruwa ya ƙafe ko ya gurɓace. Yana cin ƙwari, shi ma tsuntsu da maciji su ci shi. Sannan nau'in da ya ƙare ya tafi ke nan har abada, alhali injin lantarki ana iya sauya masa tsari ko wuri.

Akwai saɓani kan abin da ya yi kisan ƙarshe. Wasu na cewa cutar ce, kuma da ta zo ko babu madatsa. Wasu na cewa bushewar wurin ce ta takure kwaɗin a ɗan lungu, ta raunana su, cutar ta same su a shirye. Ko ma wanne ne, halittar da duk duniyarta hekta 2 ce ba ta da wurin gudu idan masifa biyu suka haɗu.

An dawo da wasu daga cikin kwaɗin da aka kiwata a Amurka zuwa Tanzaniya a 2010, aka fara sakinsu a kwazazzabon a 2012. Yunƙurin ya cancanci yabo, amma ya ci kuɗi da shekaru, kuma rayuwar kwaɗin ta rataya ne a kan bututu da hannun ma'aikata.

Ra'ayinmu shi ne, Tanzaniya ba ta yi laifi ba da ta nemi lantarki daga koginta. Kuskuren yana cikin jeranta aiki: an sa hannu a kwangila, an fara fasa dutse, sannan aka san abin da ke zaune a gindin ruwan. Duk abin da aka yi daga baya ihu ne bayan hari. Da an yi cikakken bincike tun farko, da an tsara injinan bisa ruwan da za a bar wa kwazazzabon, ko da wutar ta ɗan ragu.

Wannan ya shafi Nijeriya, wadda ta daɗe da shirin tashar Mambila ta megawat 3,050 a Jihar Taraba, a tsaunukan da suka haɗe da na Kamaru, yankin da aka sani da kwaɗin da babu su a wani wuri. Muna kira da a kammala binciken halittun kowane wuri a damina da rani kafin a rattaba hannu, a buga sakamakon kowa ya gani, a kuma rubuta adadin ruwan da dole a bar wa kogi a cikin kwangilar kanta, tare da tara mai tsanani ga kamfanin da ya saɓa.