Jarrabawar tarihi ta zama fagen siyasa a Amurka

A watan Mayu na kowace shekara, ɗaliban makarantun sakandare kimanin rabin miliyan a Amurka kan zauna jarrabawar tarihin ƙasarsu, wadda aka fi sani da AP. Sa'o'i uku da minti 15 ake ba su, kuma duk wanda ya samu maki uku ko fiye cikin biyar, jami'o'i da dama kan ɗauke masa wani darasi na shekarar farko. A ƙasar da karatun jami'a ke lashe dubban daloli, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga iyayen yara.

Sai dai abin da ɗaliban ke bita kafin ranar jarrabawar ya daɗe da zama abin ja-in-ja tsakanin manyan jam'iyyun ƙasar biyu.

Hukumar College Board mai shirya jarrabawar ba ta gwamnati ba ce. Hasali ma, ba kamar Najeriya ba, gwamnatin tarayya a Amurka ba ta da hurumin tsara manhajar makarantu. Jihohi 50 da dubban hukumomin ilimi na gundumomi ke da wannan iko. Saboda haka tsarin AP shi ne abin da ya fi kusa da manhajar tarihi ta ƙasa baki ɗaya, kuma shi ya sa idon 'yan siyasa ke kansa.

Daga ina tarihi ya fara?

Tsarin ya kasa tarihin Amurka zuwa zamani tara. Na farko ya soma ne daga shekarar 1491, shekara guda kafin Christopher Columbus ya isa nahiyar. Da gangan aka zaɓi wannan shekara, domin ɗalibi ya san cewa akwai al'ummomi da noma da sarauta a wurin tun Turawa ba su zo ba. Daga nan sai zamanin kama-wuri-zauna na Turawan Ingila daga 1607, sai yaƙin neman 'yanci da sanarwar 1776 da kundin tsarin mulkin 1787, sai faɗaɗa ƙasar zuwa yamma, inda aka kori 'yan asalin wurin daga gonakinsu.

Zamani na biyar, daga 1844 zuwa 1877, shi ne inda gizo ke saƙa. A cikinsa aka yi yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, wanda ya hallaka mutane aƙalla dubu 620, a lokacin da bayi kusan miliyan huɗu ke ƙasar. Bayan yaƙin an yi wa tsarin mulki gyara uku, a 1865 da 1868 da 1870, waɗanda suka haramta bauta, suka ba baƙar fata 'yancin zama 'yan ƙasa, suka kuma ba mazansu damar jefa ƙuri'a. Har baƙar fata ya shiga majalisar dattawa a 1870, wato Hiram Revels daga jihar Mississippi. Amma da sojojin tarayya suka janye daga kudu a 1877, jihohin yankin suka shimfiɗa dokokin wariyar launin fata, waɗanda ba a rushe su ba sai a 1964 da 1965.

Tambayar da ke raba kan Amurkawa ita ce, shin wannan tabo ne a jikin kyakkyawan tarihi, ko kuwa a kansa aka gina ƙasar?

Gyaran 2014

Rikicin ya fito fili ne a 2014, lokacin da College Board ta fitar da sabon tsari. A watan Agustan shekarar, kwamitin ƙoli na jam'iyyar Republican ya zartar da ƙudurin yin Allah wadai da shi, yana mai cewa ya fi mai da hankali ga aibin Amurka, ya yi watsi da alherinta. A wata gunduma ta jihar Colorado, ɗaruruwan ɗalibai sun fice daga azuzuwa suna zanga-zanga, bayan da wasu a hukumar ilimin gundumar suka nemi a sake duba darasin domin ya riƙa cusa kishin ƙasa da biyayya ga hukuma. A Oklahoma kuwa, wani kwamitin majalisar jihar ya amince a watan Fabrairun 2015 da a daina kashe kuɗin jihar a kan darasin, ko da yake maganar ba ta zama doka ba.

Hukumar ta sassauto a watan Yulin 2015. Ta ƙara ambaton shugabannin da suka kafa ƙasar, ta kuma sanya aƙidar nan ta cewa Amurka ta fita daban da sauran ƙasashen duniya. Ƙura ta lafa, amma ba ta daɗe ba.

A watan Agustan 2019 jaridar New York Times ta ƙaddamar da Shirin 1619 ƙarƙashin 'yar jarida Nikole Hannah-Jones, wanda ya nemi a ɗauki shekarar da aka fara sauke bayin Afirka a Virginia a matsayin mafarin labarin Amurka. Wasu fitattun malaman tarihi biyar sun rubuta wa jaridar suna ƙalubalantar iƙirarin cewa kare bauta na cikin manyan dalilan yaƙin neman 'yanci, kuma daga baya jaridar ta gyara wannan jimla. Shugaba Donald Trump ya mayar da martani da kafa Hukumar 1776 a 2020. Joe Biden ya rushe ta a ranar da ya kama mulki a 2021, Mr Trump ya sake kafa ta a watan Janairun 2025, tare da barazanar janye tallafin tarayya daga makarantun da ya ce suna cusa wa yara tsattsauran ra'ayi.

Tun daga 2021, aƙalla jihohi 18 ne suka taƙaita yadda malamai za su yi maganar launin fata a aji. Jihar Florida ta fi zafafawa. A watan Janairun 2023 ta ƙi amincewa da sabon darasin AP kan tarihin baƙaƙen fata, sannan a watan Yuli ta fitar da ƙa'idojin koyarwa da ke cewa bayi sun koyi sana'o'in da a wasu lokuta suka amfane su. Mataimakiyar shugaban ƙasa ta lokacin, Kamala Harris, ta je jihar takanas domin ta soki wannan batu.

Masu goyon bayan dokokin na cewa bai dace a sa yaro ya ji kunyar ƙasarsa ko launin fatarsa kan laifin da bai aikata ba. Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya. Matsalar ita ce yawancin dokokin ba su fayyace abin da suka hana ba, don haka malamin da ke tsoron rasa aikinsa yakan gwammace ya tsallake babin gaba ɗaya. Alhali takardar jarrabawar ba ta san iyakar jiha ba. Manhaja ɗaya ake tambayar ɗalibin Florida da na California a kanta, kuma babbar tambayar cikinta ta ƙunshi takardun tarihi bakwai da ɗalibi zai auna da kansa ya fitar da hujja. Wanda aka ɓoye wa rabin labari, shi zai biya kuɗin sabulu.

Waɗanda ba a cika ambata ba

Akwai kuma mutanen da ɓangarorin biyu ba su cika tunawa da su ba. Cikin bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma akwai Musulmi masu ilimi. Umar ibn Said, mutumin Futa Toro, an sauke shi a Charleston a 1807, kuma ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831. Rubutun yana ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Muhammad Ali ibn Said, wanda aka fi sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa ne a ƙasar Barno. Ya shiga Amurka a matsayin ɗa, ba bawa ba, ya kuma shiga rundunar sojin arewa a 1863.

Haka nan zamani na tara, daga 1980 zuwa yau, kashi huɗu zuwa shida cikin 100 kawai yake ɗauka a makin tambayoyin. A nan aka cusa mulkin Ronald Reagan da ƙarshen yaƙin cacar baka da harin 11 ga Satumban 2001 da yaƙe-yaƙen Afghanistan da Iraƙi, wato abubuwan da sauran duniya ta fi sanin Amurka da su.

Kuma masu zaman AP ɗin su ne zaƙaƙuran ɗalibai. Wani gwaji na ƙasa baki ɗaya da gwamnatin tarayya ta gudanar a 2022 ya nuna cewa kashi 13 cikin 100 ne kacal na 'yan aji takwas suka ƙware a tarihin ƙasarsu, yayin da kashi 40 ba su kai ko matakin farko ba. A 2018 waɗanda suka ƙware kashi 15 ne.