Kowa Ya Ci Ladan Kuturu

Akwai masu cewa wai kuɗi ba su da addini, rijiya kuma rijiya ce ko wane ne ya haƙa ta. Wannan magana tana da daɗin ji, amma ba gaskiya ba ce, tarihin Jihar Arewa kuwa ya isa shaida.

A shekarar 1960 Gwamnatin Tarayya ta Ikko ta shirya karɓar rance da taimakon gwanaye daga ƙasar Isra'ila. Jihar Yamma da ta Gabas suka yi maraba, kamfanonin Isra'ila suka shiga yi musu ayyukan gini da na ruwa. Amma Firimiyan Jihar Arewa, Alhaji Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya ce Arewa ba ta so, bai kuwa sake magana ba har ya rasu a 1966.

Ba don Arewa ta wadata ya ƙi ba. Duk wanda ya san ƙasar Gumel ya san wuyar ruwa. Ya san zurfin rijiyoyin Sule Tankarkar da Gagarawa, ya ga makiyaya a Maigatari suna jan guga da rani har hannu ya yi kanta. Mutanen Isra'ila kuwa gwanaye ne wajen samo ruwa a busasshiyar ƙasa. Ashe ƙin nan yana da tsada, talaka kuma shi ya biya. Amma a yaƙin 1948 Falasɗinawa wajen 700,000 sun rabu da gidajensu, ba a kuwa bar su sun koma ba. Wanda ya sha ruwan mutum, da wane baki zai faɗa masa ya yi zalunci? Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

To, in mai karɓa yana da alhaki, na mai bayarwa ya fi nauyi. A 2016 Amurka ta yi alkawarin ba Isra'ila dala biliyan 38 na kayan yaƙi cikin shekara goma. A 2018 kuma ta yanke gudummawar da take ba hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai ciyar da 'yan gudun hijirar Falasɗinu, ta sāke yankewa a 2024, lokacin da yaƙin Gaza ke cin dubban mata da yara. Wanda ya miƙa takobi da hannun dama, ya janye akushi da na hagu, ba shi da damar cewa shi ɗan kallo ne.

Mudun nan guda ne ga kowa. Ranar 7 ga Oktoba 2023 mayaƙan Hamas sun kashe mutum wajen 1,200 a Isra'ila, galibinsu ba soja ba ne. Waɗanda suka ba su kuɗi da makamai su ma suna da rabonsu na alhakin jinin nan. Musulunci bai halatta kashe yaro ko tsohuwa ba, ko na wane ne.

Saura magana ga shugabannin gida. Yabon Sardauna da baki ba wuya. Amma wanda ya ƙi rijiyar baƙo, wajibi ne ya haƙa wa talakawansa tasu da kuɗin harajinsu. In bai yi ba, ya bar su da ƙishirwa shi ya tafi da suna.

Wanda ya iya karatu yanzu ba a rufe masa takarda. In an kawo taimako garinsu, sai ya tambaya: daga hannun wa ya fito, me kuma ake nema a madadinsa? Allah Ya sa a gane.